Shuɗin Dutsen Inna Ɗelu

A Madarunfa, in baƙo ya tambayi inda Gambo mai ƙarau yake, sai an yi murmushi tukuna kafin a nuna masa hanya. Rumfar tana bayan maƙera, ta inda ake gangarawa tafki, kuma ba ta ɓace wa kowa, don tulin fasassun kwalabe ne ke fara tarbar mutum, koraye gefe guda, jajaye gefe guda, farare can kusa da danga. Samun rumfar ba wuya. Samun mai rumfar a zaune shi ne aiki. Ko Allah ya sa ka tarar da shi bisa kujera, ƙafarsa ɗaya na nan tana rawa, idonsa na kan hanya, kai ka ce akwai wanda ya yi masa alkawarin zuwa.

Haka yake tun yana ƙarami. Uwarsa, Inna Ɗelu, takan ce ko a goye bai taɓa barin bayanta ya huta ba. Da ya girma yakan yi noman damina a gonar gado ta hanyar Safo, ba laifi, yana da ƙarfi kuma ba ya ƙyuya. Amma ranar da damin gero na ƙarshe ya shiga rumbu, ranar nan ƙafarsa ke fara ƙaiƙayi. Ya yi ga-ruwa a Katsina, ya yi yaron kamyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya yi dako a Ɗan Issa, har gyaran rediyo ya taɓa. Kowace sana'a ya leƙa ta, ba wadda ya ga ƙarshenta. Da ya ga hannunsa ya fara faɗawa sai abin ya gundure shi, ya saɓa jaka.

Wani rani, a farkon shekarun 1990, motar da yake bi da lodin wake ta lalace a Bida, ƙasar Nufe. Direba ya tafi neman kayan gyara, Gambo kuwa ba mai zaman gadin mota ba ne, sai ya shiga gari. Ƙarar zuga-zugi ta ja shi wani zaure, ya leƙa yana zaton maƙera ce. Abin da ya gani bai taɓa ganin irinsa ba. Kwalba, wannan kwalbar da ake yarwa a juji, ta narke ta yi kauri kamar zuma, wani tsoho yana naɗe ta a tsinken ƙarfe yana juyawa, nan da nan ta zama ƙarau na hannun mata. Mota ta gyaru ta tafi ba da shi ba.

Tsohon Banufen ya karɓe shi. Ya fara da zuga wuta, ya koma fasa kwalabe da wanke su, daga baya aka ba shi tsinke. Ya koyi shafa wa tsinke yumɓu don kada aiki ya manne, ya koyi juya narkakkiyar kwalba har ta daidaita, ya koyi cewa abin da ya fito daga wuta ba a barinsa a iska, cikin toka mai zafi ake binne shi ya huce a hankali. Hannunsa mai saurin ɗauka ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Abu ɗaya ne ke ci masa rai game da tsohon. Duk ranar da aka kawo sababbin kwalabe sai ya tsaida aiki, ya ɗebi ɗan guntu daga wannan, ɗan guntu daga waccan, ya haɗa su a bakin wuta, ya ja su su zama zare siriri, ya ɗaga sama ya yi ta kallo. Can sai ya yar, ya ce a ci gaba. Gambo na riƙe da zuga-zugi yana cizon leɓe, gawayi na ci a banza. A ransa ya yanke cewa wasan tsufa ne. Ya taɓa niyyar tambaya, amma Hausar tsohon a hankali take fita, kowace kalma sai an jira ta, shi kuwa ba shi da wannan lokacin. Da hadarin farko ya taso ya tuna gona, ya kama hanya, ko sallamar kirki bai yi ba.

A gida, Hamisu maƙeri, abokinsa tun na yarinta, ya ba shi gefen fili, ya taya shi gina murhu, ya ara masa tsohon zuga-zugi. Ƙarau mai launi guda Gambo ke yi, kore zalla ko ja zalla, kuma suna fita. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa kayan kanti suka fi ƙarfin mata, sai kasuwarsa ta buɗe, har daga Gabi ake aiko masa. Da mai hankali ne da ya zauna. Gambo kuwa yakan hura wuta wata guda ya kashe ta wata biyu, sai a ji labarinsa a Damagaram ko Kano.

Yana can wani wuri irin wannan matarsa Atika ta haifi ɗansu na fari. Yana can aka yi suna, yana can zazzaɓi ya ɗauke yaron. Ya dawo da 'yar riga da ya sayo a hanya, ya tarar ana karɓar gaisuwa. Atika ba ta yi masa faɗa ba. Ta karɓi rigar ta ninke ta sa a ƙasan kwalla, kuma wannan ya fi masa faɗan ciwo.

Inna Ɗelu kuwa wani abu daban ke cinta. A gidansu akwai wani shuɗin dutse na ado, bai fi ƙwallon dabino ba, da huda a tsakiya. Ta gaje shi wurin uwarta, ita ma wurin tata uwar, wadda aka ce ta same shi a hannun fataken arewa. Al'adar gidan ita ce ranar suna, in wanzami ya gama aski, a ɗaura wa jinjiri shi a hannu da zaren auduga, ya zauna nan har yaye. Tagwayen da Ɗelu ta fara haifa ba su samu ba, don lokacin yana hannun yayarta, kuma ba su rayu ba. Gambo da ya biyo bayansu an ɗaura masa, haka ƙannensa mata. Daga baya dutsen ya suɓuce ya faɗi bisa dutsen niƙa ya tsage, daga huda har baki, saura ƙiris ya rabu biyu, shi ya sa ba ta yarda ta ɗaura wa jikanta ba. In ka tambaye ta za ta ce maka rai na hannun Allah, dutse kuwa dutse ne, kuma da gaske take faɗa. Amma tun da aka binne yaron nan ba ta daina kwance tsumman da dutsen ke ciki tana shafa tsagar da ɗan yatsa ba.

Atika ta sake samun ciki. Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, Gambo ya fara zagaya jakarsa da ke rataye a ƙusa. Idon Inna Ɗelu ya yi rauni a lokacin, amma motsin ɗanta ba sai da ido take saninsa ba. Wata rana da hantsi ta kira shi bakin ɗakinta, ta kwance tsumman.

"Gambo, wanga karon ina son a ɗaura shi. Ga shi kau yadda yake."

Ya karɓa ya ɗaga shi saitin rana. Shuɗin ba irin na shuni ba ne, ba kuma na sararin sama ba, wani ne mai zurfi da bai taɓa gani a jikin wata kwalba ba. Bakinsa ya riga tunaninsa, kamar kullum.

"Ai wanga ba wani abu ba ne, Inna. In gasa shi tsagar ta haɗe, in lulluɓe shi da hwarar kwalba. Shuɗin na ciki ana ganinshi, kuma ba ruwa ba dutse, ba abin da za shi same shi."

"Wuta za ka sa shi?"

"Ai da wuta anka yi shi."

Ta miƙa hannu ya maida mata. Ta ɗaure tsumman, ƙulli kan ƙulli. "Ka yi mani na gwaji da wata kwalba tukuna. In na riƙe shi hannuna, na yarda bai hwashe ba, sannan in ba ka. Kuma ka sani, ba ni da wani bayan wanga."

Jakar ta zauna a ƙusa. Ya samo shuɗɗan kwalaben magani a kasuwar Maraɗi, ya yi dutse daidai girman na Inna, ya lulluɓe shi da farar kwalba, ya binne a toka. Ya tono shi gwanin kyau, yana murna zai kai gida, bai wuce ƙofar maƙera ba ya ji ƙas a tafin hannunsa. Ya yi wani. Wannan ya kwana, da safe ya tarar da shi biyu. Na bayansa tun a cikin tokar ya tsage. Ƙaramar ƙara ce, ba ta fi ta karya tsinken tsintsiya ba, amma ta zama abin da kunnensa ke jira ko yana salla.

Hamisu, da yake shi ke taya shi zuga in aikinsa ya yi sauƙi, bai sha wahalar gano dalili ba.

"Kai da ba ka iya jiran tuwo shi huce, kai ne za ka jira kwalba? Na gan ka jiya, ka tona ka leƙa ka maida, kamar mai gashin dankali."

Maganar ta bi gari. Masu kamun kifi a bakin tafki suka ce gaggawa ce, mata masu sayen ƙarau suka ce gaggawa ce, limamin unguwa da ya biyo ta wurin ya tsaya ya yi masa nasiha a kan haƙuri. Atika, da ba ta cika magana ba, ta ajiye masa akushi ta ce, "Malam, ko sau ɗaya ka bar abu shi kai lokacinshi." To ina laifinsu? Shekara da shekaru suna kallon mutumin nan, duk abin da ya lalace a hannunsa ta nan ya lalace. Shi kansa bai yi musu ba. Ya yarda ciwon a jikinsa yake, ya ɗaura ɗamarar yi wa kansa magani.

Wanda bai ga Gambo yana koyon haƙuri ba bai ga wahala ba. Zai binne dutse, ya tara toka, ya kifa tukunya a kai, sannan ya rasa inda zai sa kansa. Ya share rumfa. Ya sake sharewa. Ya je ya tsaya a kan Hamisu har Hamisu ya kore shi. Hannunsa ya kai ga tukunyar ya janye, ya kai ya janye. Da ya ga abin zai fi ƙarfinsa sai ya roƙi Hamisu ya tsare masa wurin, in ya ga ya nufo ya jefe shi da gawayi, shi kuma ya kama hanyar Safo a ƙasa, ya je ya dawo ba abin da ya kai shi. Masu amalanke suka saba ganinsa, suna tsayawa su ce ya hau, yana cewa a'a, tafiyar yake so. Abokan cin raninsa duk sun watse, garin ya yi masa ƙunci, yini ya yi tsawo. Rabi'u, wanda suka yi dako tare a Ɗan Issa, ya biyo ta kansa ya ce akwai aiki a Agadas, mota na tasha ana lodi. Gambo ya raka shi har bakin motar, ya taya shi ɗora kaya, har ya sa ƙafa ɗaya a taya, sannan ya sauko ya koma yana zagin kansa, bai ma san a kan wanne yake zagin ba, hawan ko saukowar. Cikin Atika yana ta girma, duwatsun suna ta fashewa, Inna Ɗelu kuma ba ta tambaya, sai dai in ya shigo ta juyo da kunne wajensa ta jira.

Ana nan fararen kwalabensa suka ƙare. Wani surukin Hamisu mai jigila ya kawo masa buhu guda daga Ɗan Issa, na wani irin lemo da ba a sayarwa a nan. A makon nan ne kuma Gambo ya ƙudura zai bar toka ta mutu murus da kanta kafin ya taɓa. Ya yi dutse da sabuwar kwalbar, ya binne, ya tafi Safo, ya dawo, ya wuce rumfar bai waiwaya ba. Da ya tono, dutsen bai ce ƙas ba. Ya kwana, ya yi mako, yana nan garau. Ya yi wasu, duk suka tsaya. Hamisu ya buga masa kafaɗa ya ce yau Gambo ya zama mutum. Unguwa ta ɗauka, har ana ba yara misali da shi. Buhun nan na Ɗan Issa kuwa yana jingine da danga, ba wanda ya dube shi sau biyu, har shi Gambon.

Inna Ɗelu ta karɓi na gwajin ta juya, ta sa masa haƙori, ta sake shi bisa daɓe, ta lalubo ta sake shafawa. Sannan ta kwance ƙullin tsumman.

"Ga shi. Uwata ta ba ni shi da hannunta, ni ma na ba ka da hannuna."

Ranar aikin bai iya cin komai ba. Ya zira dutsen a tsinke, ya fara nuna masa wuta daga nesa, yana matsowa kaɗan-kaɗan, Hamisu na zuga ba wasa ba tsokana. Shuɗin ya yi duhu, ya yi ja, bakin tsagar ya yi laushi ya haɗe. Ya ɗebo farar kwalba ya naɗa a kai, ya juya, ya juya, gumi na shiga masa ido bai share ba. Ya binne. Wannan karon ko Safo bai je ba, nan ya zauna gaban tokar, ƙafa na rawa, hannuwa a hammata, har ta huce. Abin da ya fito ya fi duk abin da ya taɓa yi kyau. Shuɗin na kwance cikin farin kamar ruwa a ƙasan rijiya, tsagar ta ɓace. Inna Ɗelu ta kai shi dab da idonta mai ɗan gani, ta ce, "Allah shi yi maka albarka." Gambo ya ji daɗin da bai taɓa ji ba a duk yawonsa.

Atika ta sauka lafiya cikin bazara, an samu mace. Ranar suna aka raɗa mata Nafisa, wanzami ya yi aski, Inna Ɗelu ta murza zare a cinya ta ɗaura dutsen a ɗan hannun. Mata suka yi ta ɗaga hannun jinjirar suna kallo, ana guɗa. Gambo na zaure yana raba goro. Wannan ne karon farko da aka yi wani sha'ani a gidansa yana nan, har ya rasa yadda maigida ke zama, yana ta tashi yana leƙa cikin gida.

Bayan suna da 'yan kwanaki, da safe, ana wankan jego kamar kullum. An tafasa ruwa a babbar tukunya, Atika ta yi nata da ganyen darbejiya, Inna Ɗelu ta ɗebi na jinjira a ƙwarya ta surka kaɗan, don a wurinta ruwan da bai gasa jiki ba ba wanka ba ne. Sauran ranakun takan kwance dutsen kafin wanka. Ran nan ƙullin ya cije, yatsunta suka kasa, ta tuna ɗanta ya ce ba ruwa ba dutse, sai ta bar shi. Ta ɗebo ruwan ta kwarara a ɗan hannun.

Gambo na tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ji ƙas. Duk gidan ba wanda ya san ƙarar nan sai shi, kuma kafin jinjirar ta callara kuka ya riga ya miƙe. Ƙwarzane ne kaɗan a hannunta, ɗigon jini, Atika ta fisge ta ta rungume. Zaren na nan a ɗaure, ba komai a jikinsa. Dutsen bai rabu biyu ba yadda ya so yi da can. Ya tarwatse, fari da shuɗi, ƙanana-ƙanana a ƙasan ƙwarya.

"Kada kowa shi zubda ruwan ga," in ji Inna Ɗelu.

Ta durƙusa ta sa hannu cikin ruwan zafi tana lalube, tana tsinto su ɗaya-ɗaya tana zubawa a tsumman nan, yatsunta na yankewa ba ta kula ba. Gambo ya tsuguna zai taya ta, ta kare ƙwaryar da gwiwar hannu. Ba ta zage shi ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Wani ɗan tsinin shuɗi ya faɗi gefe a ƙasa, ya ɗauka ya damƙe a hannu, ya fita.

Kafin azahar gari ya yanke hukunci: Gambo ya koma halinsa, ya tono da wuri. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, don ya san ya jira. Ya jira har ya kusa haukacewa. In haƙurin ma bai yi ba, to me ya rage masa a garin nan? Ya shiga ɗaki ya sauko da jaka daga ƙusa. Atika na shayarwa, ta dube shi, ta dubi jakar, ta maida ido kan 'yarta.

Hanyar tasha ta bakin maƙera take bi. Ya zo gaban rumfarsa ƙafar ta tsaya, tsinin nan na sukarsa a tafi. Ya fara bin aikin a kansa daki-daki, yadda tsohon Bida ke yi. Wanke kwalba, ya yi. Yumɓu a tsinke, ya yi. Wuta daga nesa, ya yi. Toka kuwa ya yi har ya wuce. To me tsohon ke yi da shi bai yi ba? Sai ya tuna hannun nan mai jijiyoyi a sama, riƙe da zare, da gawayin da ke ci a banza.

Ya yar da jakar. "Hamisu, zo ka zuga mani."

Hamisu ya dubi fuskarsa, ya zo ya kama zuga-zugi. Gambo ya ɗauki guntun shuɗiyar kwalbar magani da guntun fara ta buhun Ɗan Issa, ya haɗa su gefe da gefe, ya ja zare, ya ɗaga. Zaren ya huce a miƙe. Ya tono ragowar tsofaffin fararen nan da suka yi ta fashe masa da farko, ya haɗa da shuɗiyar, ya ja. Ya fito a miƙe, yana hucewa sai ya fara karkata. Ya buɗe tafinsa ya dubi tsinin dutsen Inna. In ya sa shi a wuta, shi ma ya tafi ke nan. Ya sa. Ya haɗa shi da irin farar da ya lulluɓe shi da ita, ya ja, ya ɗaga sama. Zaren ya tanƙware a gaban idonsu, a hankali, har ya yi kamar lauje.

Hamisu ne ya fara magana, don abin ya shigo fagensa. "Kamar zoben da nake sa ma ƙota ne. Da zahi yake shiga, in ya huce shi tsuke shi cije. To ashe kwalba ma haka take, kuma kowace da yadda take tsukewa. Wagga ta ja da yawa, waccan ta ja kaɗan, kai kau ka kulle su wuri guda."

"Ko shekara na bar shi cikin toka," in ji Gambo.

"Ko shekara. Suna nan suna jan juna, ruwan zahi kawai sunka jira." Sannan ya ƙara da cewa, "Mun ɗauki alhakinka, Gambo."

Gambo ya girgiza kai. Ba su ɗauka ba. Gaggawar ce dai, sai dai ba ta wannan ranin ba ce, tun a zauren Bida ya yi ta.

Ya kai wa Inna Ɗelu zaren a tafin hannu, yana tafiya a hankali don kada ya karye. Ta bi lanƙwasar da yatsanta mai ɗaure da tsumma, ya yi mata bayani iyakar iyawarsa.

"Shi tsohon da ya koya maka, ya san wanga?"

"Ya sani, Inna. Gabana yake yi."

"Bai hwaɗa maka ba?"

"Ban tambaya ba."

"Jan zaren ga, yana ɗaukar lokaci?"

"Kahin a tauna goro an gama."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa masa zaren, ta ce ya je ya ɗauko jakarsa daga inda ya yar da ita, domin kuwa ta ji lokacin da ya sauko da ita daga ƙusa, ya kuma kira mata Bala baduku. Bala ya ɗinke gutsattsarin cikin jar fata kamar laya, aka maida wa Nafisa a hannu. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganin shuɗin nan.

Ƙarya ne a ce Gambo ya zauna. Rani na zagayowa ya tafi, amma wannan karon Bida ya nufa kai tsaye, da tambayoyi cike da baki, ya tarar tsohon ya rasu. 'Ya'yansa suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka nuna masa abin da suka sani, ya dawo kafin shuka. Daga nan bai ƙara haɗa kwalba biyu ba sai ya ja zare, ya ɗaga sama, ya yi ta kallo, mai zuga na cizon leɓe. Duwatsunsa masu launi a ciki sun yi suna har Maraɗi, ba sa fashewa ko a ruwan jego. Ƙafar dai na nan tana rawa.

Inna Ɗelu ba ta daɗe ba bayan yayen Nafisa. Ba wanda ya iya cire wa yarinyar fatar, sai aka ƙara mata zare ta koma wuya. Wata la'asar, tana 'yar shekara huɗu, ta biyo ubanta rumfa ta zauna tana tauna gefen fatar.

"Baba, mi ke ciki?"

"Dutsen kakarki ne."

"Wane iri?"

"Shuɗi."

"Kamar wanne?"

Ya tashi ya je wurin tulin shuɗɗan kwalabe, wanda yanzu ya fi kowane tuli girma, don duk inda ya je sai ya dawo da wata. Ya ɗaga ɗaya saitin rana, ya ajiye. Ya ɗaga wata. Ta magani, ta turare, ta wani man shafawa daga Kano. Yarinyar na nuna kowace tana cewa wagga ce, yana cewa a'a, ya hi wagga. Ta gaji ta koma wasa da ƙasa. Hamisu ya kashe wutar maƙera, masu kifi suka hauro daga tafki, Gambo na nan tsaye a bakin tulin yana ɗagawa yana ajiyewa.